Aang ko Korra: da wanne za a fara, kuma hasashen wa ke da tushe?

Duk inda masu kallon katun suka haɗu aka ambaci Avatar, ba a jimawa zancen yake rabuwa gida biyu. Ɓangare ɗaya na cewa labarin Aang ne kaɗai ya ci sunansa, abin da ya biyo baya ƙari ne kawai. Ɗaya ɓangaren na cewa labarin Korra ya fi nauyi da zurfi, laifinta ɗaya shi ne ba ita ce Aang ba. Wanda bai kalli ko ɗaya ba, ga shi lokacinsa da datarsa ba za su ɗauki duka biyun a tare ba, sai ya rasa bakin zaren. Shawarata gare shi ita ce ya fara da Aang, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina shirye-shiryen biyu tun daga tushe.

Da farko a tabbatar an sauke abin da ake nufi, don sunan yana ruɗa mutane. Akwai fim ɗin Avatar na 2009 mai shuɗɗan mutane, ba shi da alaƙa da wannan labari ko kaɗan. Akwai fim na 2010 da kuma shirin Netflix da zangonsa na farko mai kashi takwas ya fito a 2024, waɗanda mutane na gaske suka taka rawa a ciki. Zancenmu a kan katun biyu ne na tashar Nickelodeon ta Amurka, waɗanda Michael Dante DiMartino da Bryan Konietzko suka ƙirƙira.

Na farko, Avatar: The Last Airbender, ya fara fita a Fabrairun 2005 ya ƙare a Yulin 2008. Kashi 61 ne cikin zango uku: Ruwa mai kashi 20, Ƙasa mai 20, Wuta mai 21. Na biyu, The Legend of Korra, daga Afrilun 2012 zuwa Disambar 2014, kashi 52 cikin zango huɗu: 12, 14, 13, 13. Kowane kashi bai wuce minti 23 ko kusa da haka ba, don haka na Aang zai ci maka kamar awa 23, na Korra kamar awa 20. Mai kallon kashi biyu a rana zai gama na farko cikin wata guda. An zana na Aang ne don tsohuwar talabijin mai allo kusan murabba'i, saboda haka idan ka ga baƙi a gefen dama da hagu, haka yake, kwafin bai lalace ba. Wanda aka miƙe hotonsa ya cika allo shi ne abin gudu, don yana kumbura fuskoki ko ya datse sama da ƙasa. Na Aang ba ya asarar komai sosai in an sauke shi a matsakaicin inganci. Na Korra kuwa faffaɗan allo gare shi, faɗansa na gudu da sauri, a ƙaramin inganci sai motsin ya dagule.

Duniyar labarin al'umma huɗu ce: Ƙabilun Ruwa, Masarautar Ƙasa, Daular Wuta, da sufaye masu sarrafa iska. A kowace al'umma akan haifi wasu da baiwar sarrafa abin da aka san su da shi. Mutum ɗaya tak a kowane zamani, wato Avatar, ke iya sarrafa duka huɗun, kuma in ya mutu ruhinsa yana sake dawowa cikin al'umma ta gaba. Korra, 'yar Ƙabilar Ruwa ta Kudu, ita ce ta gaji Aang, labarinta yana farawa shekara 70 bayan ƙarshen nasa.

Yadda aka gina su

Labarin Aang tafiya ɗaya ce mai zango uku, kuma tun a kashi na takwas an gaya maka inda za a sauka. Yaro ne ɗan shekara 12 da ya yi shekara ɗari a daskare cikin ƙanƙara, ya farka ya tarar Daular Wuta ta ƙarar da mutanensa, masu sarrafa iska, kaf. Dole ya koyi ruwa da ƙasa da wuta kafin ƙarshen bazara, lokacin da tauraro mai wutsiya zai dawo ya ninka ƙarfin masu sarrafa wuta. Da yake marubutan sun san tsawon hanyarsu, sai suka riƙa shuka abu a zango na ɗaya su girbe shi a na uku. Shi ya sa sauyin halin Zuko, yariman Daular Wuta da mahaifinsa ya ƙona masa fuska yana ɗan shekara 13 ya kore shi, bai zo da gaggawa ba. Ya gyaru, ya koma ruwa, ya ci amanar baffansa Iroh, ya samu duk abin da yake nema ya ga ba shi da daɗi, sannan ya dawo hanya. An ba wannan juyi kashi sama da hamsin.

Korra ba ta samu wannan gata ba. An fara ba da odar kashi 12 a matsayin gajeren shiri mai kammala kansa, daga baya aka ƙara 14, sannan aka ƙara 26. Sakamakon haka kowane zango da nasa mugun, da nasa rikicin, da nasa ƙarshen. A tsakiyar zango na uku, cikin 2014, tashar ta janye shirin daga talabijin ta mayar da shi intanet, a zango na huɗu kuma aka zaftare kuɗin aiki har ta kai kashi na takwas ya zama tarin tsofaffin hotuna ana tuna baya. Yawancin abin da masu suka ke kira raunin Korra daga nan ya samo asali. Soyayyar kusurwa uku tsakanin Korra da abokanta Mako da Asami, wadda ta ci lokaci mai yawa a zango biyun farko, da yadda abokan tafiyarta ba su shaƙu kamar abokan Aang, su Katara da Sokka da Toph, ba, duk alamun shiri ne da ba a ba shi filin numfashi ba.

Ko salon faɗan ma ya bambanta, kuma da gangan. A na Aang kowane irin sarrafawa an ɗauko shi daga wani salon yaƙin Sin na gaske: ruwa daga Tai Chi mai motsi a hankali kamar igiyar kogi, ƙasa daga Hung Gar mai kafa ƙafafu a buɗe a durƙusa, wuta daga salon Shaolin na arewa mai dogon naushi da shuri, iska daga Bagua mai zagaye abokin karawa. A birnin Republic na zamanin Korra, mai motoci da rediyo da masana'antu, sarrafawa ta zama wasan kuɗi. 'Yan wasa uku-uku ne, mai ruwa da mai ƙasa da mai wuta, suna jifan juna da faya-fayen yumɓu da gajerun naushin wuta har a turo abokin hamayya ya faɗa ruwa ta bayan dandali. Tsayuwarsu irin ta 'yan damben zamani ce, a kan yatsun ƙafa. Wasu masoya na ganin an zubar da kwarjinin abin. Ni ina ganin nan ne ɗaya daga wuraren da Korra ta yi tunani mai kyau, don haka fasaha take yi idan ta shigo birni. Sai dai wanda bai ga tsohon salon ba ba zai gane me aka rasa ba, balle ya gane dalilin da ya sa Tenzin, ɗan Aang, yake ƙyamar wasan.

Inda sababbin masu kallo suka fi tuntuɓe shi ne farkon kowane shiri. Kashi goman farko na Aang sun fi karkata ga yara, akwai barkwanci da yawa da yawon ƙauye-ƙauye, har babba ya ce wannan ba nasa ba ne. A daure a kai kashi na 12 da na 13. Na 12 yana jera tarihin Aang da na Zuko gefe da gefe a cikin hadari guda, daga nan shirin ya sauya murya. Na 11, na ratsa babban kwazazzabo, shi ne wanda masoya suka fi yarda ana iya tsallakewa, har marubutan da kansu sun zolaye shi daga baya. Amma kada a tsallake kashi na 15 na zango na biyu don an ga gajerun labarai ne. A cikinsa ne Iroh ya hau tudu ya kunna turare a gaban hoton ɗansa Lu Ten da ya mutu a yaƙi, yana waƙa muryarsa na rawa, kuma an sadaukar da wannan ɓangare ga Mako Iwamatsu, mai muryar Iroh, wanda ya rasu a 2006. A na Korra kuwa wurin gajiya shi ne kashi shidan farko na zango na biyu. Wanda ya kai na bakwai da na takwas zai ga ladan haƙurinsa.

Daga nan zuwa ƙasa za a fasa ƙwai. Wanda bai kalla ba kuma ba ya son a ɓata masa, ya tsaya nan ya je ya fara da Aang.

Rigimar ƙarshen labarin Aang

Babu muhawarar da ta daɗe kamar wannan. Kowa ya gaya wa Aang dole ya kashe Ozai, Sarkin Wuta, mahaifin Zuko. Abokansa sun faɗa. Ya kira magabatansa huɗu, Roku da Kyoshi da Kuruk da Yangchen, babu wanda ya ba shi mafitar da yake so, har Yangchen, wadda ita ma mai sarrafa iska ce, ta ce masa hakkin duniya ya fi tsarkin ruhinsa. Sai ga wani ƙaton kunkuru mai kan zaki ya koya masa sarrafa ƙarfin da ke cikin mutum, ya je ya zare wa Ozai baiwar wuta ya bar shi da rai.

Masu suka suna da hujja biyu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Ta farko, wai kunkurun daga sama ya faɗo. Gaskiya an nuna zanensa a wata takarda a ɗakin karatun hamada, kashi na goma na zango na biyu, amma zane kawai, ba a taɓa yin hannunka mai sanda cewa ana iya cire wa mutum baiwarsa ba. Wannan suka tana da gaskiya rabi. Ta biyu ta fi ƙarfi. Tun ƙarshen zango na biyu, da Azula, ƙanwar Zuko, ta harbe shi da walƙiya a baya, Aang ya kasa shiga yanayin Avatar, wanda idanunsa ke haske ƙarfin dukan magabata ya sauko masa. Malaminsa Pathik ya ce sai ya saki son da yake wa Katara kafin ta bakwai cikin ƙofofin ƙarfin da ke jikinsa ta buɗe. A faɗan ƙarshe sai wani tsinin dutse ya soki daidai tabon, komai ya warware. Wannan sa'a ce tsagwaronta, kuma ban ga yadda za a kare ta ba.

Amma ƙin kisan kansa ba sa'a ba ne, nan ne nake rabuwa da masu sukar. A tsakiyar faɗan, tun ana binsa yana gudu, Ozai ya harbo masa walƙiya, ya tare ta kamar yadda Zuko ya koya masa, ya nuna yatsunsa daidai fuskar Ozai, ana ganin tsoro ƙarara a idon sarkin. Sai ya karkatar da hannun ya sake ta sama. A lokacin shi ne a ƙasa, ba shi da tabbacin zai tsira. Kuma shi kaɗai ya rage a al'ummar da ta ɗauki kowane rai da tsarki. Da ya yi kisa da gangan, da abin da kakan Ozai ya fara shekara ɗari baya ya kammala, don koyarwar ma ta mutu. Shirin ya yi kashi sittin yana gina wannan.

A gwada da ƙarshen zangon farko na Korra. Amon, mugun zangon mai rufe fuska, ya raba ta da ruwa da ƙasa da wuta, Katara ta kasa warkar da ita, sai cikin mintunan ƙarshe ruhin Aang ya bayyana ya mayar mata da komai. Ba ta kwana ko ɗaya cikin rashin ba a idon mai kallo. Wannan ya fi na dutsen rauni, kuma dalilinsa a fili yake, an zaci kashi na 12 shi ne na ƙarshe. Inda Korra ta rama shi ne ƙarshen zango na uku. An ɗura mata gubar ƙarfe mai kama da zaiba, ta tsira da kyar, sai ga ta a keken guragu a bikin naɗa Jinora, 'yar Tenzin, ƙwararriyar mai sarrafa iska, kowa na murna, Tenzin na cewa sababbin masu sarrafa iska za su riƙe duniya kafin ta warke, hawaye ɗaya ya gangaro mata. Shekara uku ta yi ba ta dawo daidai ba, kuma zango na huɗu ya zauna da ita cikin wannan ciwo, musamman kashi na biyu. Na Aang bai taɓa nuna raunin zuciya bayan bala'i da irin wannan haƙuri ba. Duk mai cewa Korra ba ta da abin da ta fi Aang, a nuna masa waɗannan.

Mugayenta ma haka. Ozai azzalumi ne mai son mulki, ba shi da wata hujja da za ta tsayar da kai. Su kuwa na Korra kowa da kukan da yake da gaskiya a ciki: Amon na cewa masu baiwa suna danne marasa ita, Zaheer na cewa sarakuna ne ciwon duniya, Kuvira ta tarar da ƙasa a wargaje ta haɗa ta da ƙarfin tsiya. Toph, da ta tsufa a fadama, ta faɗa wa Korra cewa kowannensu ya ɗauko abu mai kyau ne ya wuce gona da iri. Unalaq, baffan Korra, shi ne bai tsaya da ƙafarsa ba, ya fara da zancen girmama ruhohi ya ƙare a ƙaton dodo. A gefen Aang, wadda ke riƙe da tutar mugunta mai zurfi ita ce Azula, yarinya 'yar shekara 14, da yadda hankalinta ya riƙa zamewa har ta tsaya gaban madubi tana datse gashinta tana ganin mahaifiyarta.

Shin Korra ta rushe tarihin farko?

Wannan zargi yana da kai uku. Na ɗaya, asalin sarrafawa. A na Aang an ce mutane sun koyi ƙasa daga wasu manyan dabbobi makafi masu tonon rami, wuta daga dodanni masu aman wuta, iska daga ɓaunaye masu tashi irin Appa, abin hawan Aang, ruwa daga wata da yadda yake ja da tura teku. A labarin Wan, Avatar na farko, kashi na bakwai da na takwas na zango na biyu na Korra, sai aka ce kunkuran nan ne suka ba mutane ƙarfin. Mafi yawan masoya sun sasanta su da cewa kunkuru ya ba da baiwa, dabba ta koyar da fasaha. Wannan sasanci yana da madogara a allo, don mutanen garin Wan wurga wuta kawai suke yi kamar jifa, shi kuwa an nuna shi yana bin motsin wani dodo yana kwaikwayon rawar da Aang da Zuko suka koya a zango na uku. Na karɓi wannan.

Na biyu, walƙiya da ƙarfe sun yi araha. A da Ozai da Iroh da Azula kaɗai aka gani suna haifar da walƙiya, a zamanin Korra kuwa Mako yana yin ta a tashar lantarki don a biya shi lada. Shirin bai yi bayani ba, amma hasashen cewa ilimi ne da gidan sarauta ya riƙe, ya bazu bayan yaƙi, ya dace da abin da ya faru da ƙarfe: Toph ta gano shi ita kaɗai a cikin akwatin da aka kulle ta, ta koyar da shi, bayan shekara saba'in ga rundunar 'yan sanda da birni guda suna aiki da shi.

Na uku shi ne mai zafin. A ƙarshen zango na biyu aka yanke alaƙar Korra da dukan magabatanta, har da Aang, kuma ba ta dawo ba har shirin ya ƙare. Mutane da yawa ba su yafe wannan ba. A nan ne kuma dalilin fara kallo da Aang ya fi fitowa, don wanda bai zauna da Roku da Kyoshi ba, zai ga fuskoki ne kawai suna ɓacewa. Haka zancen Bumi da Kya, da suka ce mahaifinsu Aang ya fifita Tenzin yana yawo da shi shi kaɗai. Masoya sun ji haushi, amma uban da ya ga al'ummarsa gaba ɗaya ta rataya a wuyan yaro ɗaya, ba abin mamaki ba ne ya yi wannan kuskure.

Hasashen da ya tabbata, da wanda ke rataye, da wanda ya faɗi

Hanyar auna kowane hasashe ita ce a tambaya daga ina ya fito: daga abin da aka nuna, ko daga abin da mai kallo yake so.

Wanda ya tabbata shi ne na Ursa, mahaifiyar Zuko. Tun kashi na bakwai na zango na biyu na Aang masoya suka zargi tana da hannu a mutuwar Sarki Azulon, mahaifin Ozai, don a dare ɗaya ya mutu ita kuma ta ɓace. Littafin zane mai suna The Search, na 2013, ya tabbatar ita ta haɗa gubar ta ba Ozai don ta ceci ran ɗanta. A cikin littafin nan ne kuma wata wasiƙa ta ce Zuko ba ɗan Ozai ba ne, har yau akwai masu yaɗa wannan. Ƙarya ce Ursa ta rubuta da gangan don ta gano ko mijinta na tare wasiƙunta. Wanda ya karanta kashin farko na littafin ya tsaya, shi ke ɗaukar ta da gaske. Mutuwar Jet, matashin ɗan tawaye a labarin Aang, ita ma ta tabbata duk da ba a nuna gawa ba. Ya ce wa Katara zai warke, suna juyawa Toph, mai jin bugun zuciya ta tafin ƙafarta, ta ce a hankali ƙarya yake.

A cikin na rataye, wanda ya fi ƙarfi shi ne na Gyatso, malamin Aang. A kashi na uku an tarar da ƙwarangwal ɗinsa kewaye da sulken sojojin Wuta masu yawa, kuma masu lura sun ce babu alamar ƙuna a tufafinsa. Tsoho ɗaya, a ranar da tauraron ya ninka ƙarfin abokan gabansa, ta yaya ya kashe wannan adadi? Hasashen shi ne ya zuƙe iskar ɗakin gaba ɗaya, ya mutu tare da su. Da Zaheer ya zare numfashin Sarauniyar Ƙasa a zango na uku na Korra, sai aka ga abin mai yiwuwa ne a dokokin duniyar. Shirin bai tabbatar ba, amma komai ya zauna daidai.

Wanda ke biye masa shi ne cewa Sokka ne mahaifin Suyin, 'yar Toph ta biyu. An faɗi sunan mahaifin yayarta Lin, wato Kanto, na Suyin kuwa ba a faɗa ba, ga shi Toph ta taɓa nuna tana son Sokka tun suna yara. Daga nan hujjar ta ƙare, sauran kamannin fuska ne da fata. Haka na Ty Lee, ƙawar Azula, wai jinin masu sarrafa iska ce saboda launin idonta da iya tsalle-tsalle. Daɗin ji gare shi, amma a katun kamannin fuska sau da yawa hannun mai zane ne kawai.

Wanda ya faɗi warwas shi ne na 2012, cewa Aang ne a bayan abin rufe fuskar Amon. Dalilin masu shi shi ne Avatar kaɗai aka sani da cire baiwa. Ba su lura cewa in Aang na raye ba za a haifi Korra a matsayin Avatar ba. Amon ya zama Noatak, ɗan wani gawurtaccen mai laifi mai suna Yakone, yana toshe baiwar mutane ne da sarrafa jini. Batun Zuko da Katara kuma, wanda ya raba masoya shekara da shekaru, ra'ayi ne ba hasashe ba. Masu so suna da abin nunawa, musamman yadda ya tare mata walƙiyar Azula da ƙirjinsa, amma labarin Aang ya aura mata, kuma dukan gidan Tenzin a kan wannan aure yake tsaye.

In da yara za a kalla

Nan bambancin ya fi kowane girma. Na Aang an tsara shi don yara daga shekara bakwai, yana zancen yaƙi da kisan ƙare dangi amma ba ya nuna mutuwa ƙuru-ƙuru. Kashi na takwas na zango na uku, na tsohuwa Hama mai juya jinin mutane a daren da wata ya cika, shi ne mai iya hana ƙaramin yaro barci. Na Korra ya fi dacewa da matasa da manya. Zango na ɗaya ya ƙare da mutum ya tarwatsa kwale-kwale da shi da ɗan'uwansa a ciki, na uku yana da shaƙe sarauniya a gaban ido da azabtarwa da guba. A hoton ƙarshe na shirin Korra da Asami sun shiga duniyar ruhohi riƙe da hannun juna, kuma masu shirin sun bayyana bayan 'yan kwanaki cewa soyayya suke nufi, iyaye su san da wannan kafin su yanke shawara. Duka biyun an gina su kan dawowar ruhi cikin sabon jiki da wasu tunane-tunane da aka aro daga addinan Hindu da Buddha, kalmar Avatar kanta daga harshen Sanskrit take. Yaro zai yi tambaya, gara babba na kusa.

Akwai mutum ɗaya da zan ce ya fara da Korra: babban da ya gwada na Aang har kashi na 13 bai ji komai ba, kuma abin da ke jan sa siyasa ce da rikicin birni. Zango na ɗaya yana tsayawa da kansa, awa huɗu da rabi ne. Sai dai ya sani tun kashin farko zai ji wa ya ci yaƙi da wa ya auri wa, kuma bayyanar Iroh da Zuko da Toph daga baya ba za ta motsa shi ba. Wanda ya gama na Aang yana neman mahaifiyar Zuko kuma, kada ya neme ta a Korra. Jinora ta yi wa Katara tambayar a kashin farko, ƙanwarta Ikki ta katse zancen, ba a sake komawa kai ba. Amsar tana cikin littattafan zane, a fara da The Promise, wanda ya nuna yadda aka aza harsashin ƙasar da birnin Republic ya tsiro a cikinta, sannan The Search, kafin a buɗe kashin farko na Korra.